Mai lagireton Ƙofar Ruwa ya gano ciwon, amma saura ƙiris mu ɓata

Kusan sati uku na yi ina yawo da jarkar ruwa a but. Kullum kafin in kai yara makaranta sai na ɗaga bonet na ƙara wa lagireto ruwa, kamar mai kiwon akuya. Abin da ya ɗaure min kai, ko ɗigo ban taɓa gani a ƙasa ba. Har kwali na shimfiɗa wa motar ta kwana a kai, da safe na janyo shi a bushe ƙayau. Corolla ce ta 2008, ta sha hanya, amma ba ta taɓa yi min irin wannan ba.

Ranar da ta kai ni bango ina cikin cunkoson Kurna a Kano, ranar watan Afrilu tana dukan kwano, na ga allurar zafi ta doshi ja. Na gangara gefe na kashe. Har na kai hannu kan murfin lagireto wani ɗan sahu ya daka min tsawa: “Alhaji, kar ka buɗe yanzu, wallahi sai ya toye maka fuska!” Allah ya saka masa.

Bakaniken unguwarmu ko leƙawa bai yi da kyau ba ya yanke hukunci, wai gasket ne ya ƙone, wato shimfiɗar da ke tsakanin kan inji da gangar jikinsa, sai an sauke kan inji. Kun dai san abin da wannan yake ci yanzu. Wani maƙwabcina kuma ya ce in fasa ɗanyen ƙwai ko in zuba garin barkono a ciki. Motar tawa ta zama tukunyar miya ke nan.

Abokin aikina ne ya tura ni wajen wani dattijo a Ƙofar Ruwa, wanda ba ya taɓa komai sai lagireto. Na gaya masa zancen gasket, bai ce uffan ba. Ya bari injin ya huce tukuna. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ya goga a yatsa, ya ce da ruwa yana shiga da na gan shi ya koma kamar shayi da madara. Ya sa aka tayar, ya zaga ya tsaya a bakin salansa, babu farin hayaki. Ya leƙa wuyan lagireto, babu kumfa tana tasowa. “Yallaɓai, injinka lafiyarsa ƙalau.”

Daga nan ya ɗauko wani ɗan famfon hannu mai agogo a jiki, ya ɗaura a mazaunin murfin, ya yi ta bugawa. Muna tsaye allurar agogon ta fara sauka a hankali. Ya haska tocilan, ya ce in sunkuyo. Sai ga ruwa yana tsattsafowa daga wata 'yar tsaga siririya kamar gashi, a tankin robar da ke saman lagireto, daf da inda tiyon sama yake shiga. Ga wani busasshen tabo fari-fari a kewaye, wanda na sha gani ina zaton ƙura ce. Ya ce tsagar ba ta buɗewa sai inji ya ɗau zafi ruwa ya matsu, ɗan abin da ya fito kuma nan take yake ƙonewa ya bi iska, shi ya sa kwalina ya kwana a bushe. Murfin ma robarsa ta tsattsage. Ashe shi ke riƙe matsi don kada ruwa ya tafasa a digiri 100 kamar na buta. Ni da nake ɗaukarsa marfin kwalba kawai!

Na tambaye shi ko a liƙe da gam, ya ce in aka liƙe, kuɗina kawai zai ci, bayan sati in sake dawowa da matsalar. Muka sayo wani lagireto na Beljiyam, ya toshe bakunansa, ya hura iska, ya nutsa shi a bahon ruwa a gabana kafin ya yarda a ɗaura. A nan kam na sallama masa, har na fara tura wa mutane kwatancen wurin.

To, tafiyata sallar La'asar ce ta jawo. Na bar musu galan ɗin kulan, wato ruwan sanyaya inji, mai ruwan hoda da na saya da tsada. Ina dawowa na tarar yaron shagon ya cika min lagireto da ruwan 'yan garuwa, galan yana gefe ko buɗe shi ba a yi ba. Ruwan da ke jawo tsatsa, wanda shi kansa dattijon ya gama yi min faɗa a kai! Ban gama haɗiye wannan ba na hango tamostat ɗina, wato ɗan abin da ke tsare ruwa har sai inji ya ɗau zafi, a ƙulle a leda a kan kujera. Wai sun cire. “Na ƙasar sanyi ne, Yallaɓai, nan Kano ba ya amfani.” Haba Baba! Kai da ka karantar da ni yanzun nan? In babu shi, da hunturu inji sai ya daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya yi ta shan mai a banza, ga fetur yadda yake. Kuma ko ba komai ai a tambaye ni, motata ce.

Sai da na kafe aka zubar da ruwan, aka mayar da tamostat, aka zuba kulan, aka bar ta a kunne murfi a buɗe har iskar ciki ta gama fita. Fuskar dattijon ba yabo ba fallasa, yaron kuwa sai ƙunƙuni yake. Magariba a can ta same ni. Kwana biyu bayan nan na ji wani wari mai zaƙi-zaƙi a gaban mota, ina dubawa kilif ɗin tiyon ƙasa ne ba a matse ba. Da kaina na ƙara masa ƙarfi da filaya.

Yau wata biyu ke nan, na je Zariya na dawo, ruwa yana nan a kan layinsa, jarka ta koma bayan gida. Wanda ya tambaye ni kwatance ina ba shi, amma ina gaya masa ya yi sallarsa kafin a fara kwance mota, ya kuma riƙe galan ɗinsa a hannu.