Sharhi Kan Europass, Shafin Rubuta CV Na Kyauta

Mafi yawan matasanmu da suka kammala jami'a ko kwalejin kimiyya da fasaha, a shagon kwamfuta ake buga musu CV ɗinsu na farko. Mai shago yana da tsohuwar takarda ajiye a kwamfutarsa, sai ya goge sunan wanda ya riga zuwa ya sa na sabon, ya canza makaranta da shekara, ya karɓi kuɗinsa. Shi ya sa idan ka tara takardun masu neman aiki goma za ka tarar tamkar mutum ɗaya ne ya rubuta su: jiha, ƙaramar hukuma, addini, matsayin aure, sannan a ƙasa a ce abin sha'awarsa karatu da tafiye-tafiye. Babu inda takardar ta faɗi abin da mai ita ya iya yi. Wannan ne ya sa na ga dacewar yin sharhi kan Europass, domin yana cikin 'yan wurare kaɗan da matashi zai zauna ya tsara takardarsa da hannunsa ba tare da ya biya ko sisi ba.

Europass na Tarayyar Turai ne. An fara amfani da shi a 2005 domin mutumin da ya yi karatu a wata ƙasar Turai ya iya gabatar da kansa ga mai ɗaukar aiki a wata, cikin tsarin da kowa zai gane, kuma a watan Yulin 2020 aka sabunta shi gaba ɗaya. Hukumar Tarayyar ce ke kula da shi, babu talla a cikinsa, babu kuma wani matakin da za a ce sai ka biya kafin ka sauke takardarka, wanda shi ne tarkon da shafukan rubuta CV da yawa suke ɗana wa mutane: sai ka gama cike komai sannan su nemi lambar katin banki. Ba sai kai Bature ba ne ko mazaunin Turai kafin ka yi amfani da shi. Yana aiki da Turanci da Faransanci da sauran harsunan Turai, abin da ke nufin ɗan Kano da ɗan Maraɗi duk za su iya shiga, kowa da harshen da ya yi boko da shi. Mutum zai iya yin CV a matsayin baƙo, amma wanda yake son a adana masa bayanansa sai ya buɗe asusun EU Login, wato asusun shiga shafukan Tarayyar Turai, kuma ina ba da shawarar a buɗe ɗin, domin takardar neman aiki abu ce da ake komawa kanta duk bayan 'yan watanni.

Yadda yake aiki ba shi da wuya. Akwai gurabe na bayanan mutum, da aikin da ya taɓa yi, da karatu da horo, da harsuna, da ƙwarewar kwamfuta, sannan akwai wasu da za a iya ƙarawa kamar aikin sa-kai, da lambobin yabo, da rubuce-rubucen da aka wallafa. Idan an gama cikewa sai a zaɓi fasali ɗaya daga cikin kaɗan ɗin da ke akwai, a sauke takardar a matsayin PDF.

Babban alherinsa a wurina shi ne yadda yake tilasta wa mutum ya faɗi abu takamaimai. A gurbin aiki zai tambaye ka sunan muƙamin, da wurin, da garin, da lokacin da ka fara da lokacin da ka daina, sannan ya bar maka fili ka rubuta abin da ka riƙa yi. A nan ne sabon mai digiri yakan tsaya cak, ya ce ai shi bai taɓa aiki ba, alhali ya yi. Watannin da ɗalibin kimiyya ko injiniyanci ko aikin gona ya yi yana horon sanin makamar aiki na SIWES aiki ne. Shekarar hidimar ƙasa, wadda ake yi a Najeriya tun 1973, aiki ce cikakkiya, da wurin da aka tura mutum da kuma ƙungiyar raya al'umma da yake halarta duk mako. Koyarwa a Islamiyya da yamma, riƙe littafin shagon mahaifi a kasuwa, zama ma'ajin ƙungiyar ɗalibai, duk suna da gurbi idan an rubuta su da gaskiya. A ɗauki misalin budurwar da ta karanta lissafi aka tura ta makarantar sakandare. Idan ta rubuta cewa ta yi koyarwa, ba ta faɗi komai ba. Idan kuwa ta rubuta cewa ta koyar da lissafi a aji uku na babbar sakandare, ta shirya darasin ƙari ranar Asabar ga masu zana WAEC da NECO, kuma ita ce ta riƙa haɗa sakamakon jarrabawar zango a Excel, to mai karantawa ya ga mutum a gabansa, ya kuma sami abin da zai tambaye ta a kai ranar ganawa.

Sashen da ya fi burge ni shi ne na harsuna, kuma a nan ne nake ganin matashin da ya tashi a ƙasar Hausa yake da abin da bai san darajarsa ba. Europass yana ware harshen uwa daban, sannan ga kowane harshe na biyu yana neman mutum ya auna kansa ta fuska biyar: saurare, da karatu, da tattaunawa, da jawabi, da rubutu. Ma'aunin shi ne na Majalisar Turai (Council of Europe) mai matakai shida, daga A1 zuwa C2, inda A take nufin mai farawa, B mai iya tafiyar da al'amuransa da kansa, C kuma ƙwararre. Amfanin wannan rarrabewa a bayyane yake. Akwai wanda yake karanta Larabci sarai saboda karatun littattafan addini amma ba zai iya doguwar hira da shi ba, akwai wanda yake jin Fulatanci ko Barbarci ko Zabarmanci kamar ruwa amma bai taɓa rubuta shi ba, akwai kuma wanda rubutun Turancinsa ya fi maganarsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Tsohuwar CV ta shagon kwamfuta jera sunayen harsunan kawai take yi. Wannan kuwa tana nuna inda mutum yake da ƙarfi da inda yake da rauni, kuma ƙungiyoyin agaji da na kiwon lafiya da ke aiki a ƙauyukan Arewa da Nijar suna buƙatar sanin haka tun kafin su kira mutum. Sai dai a kula, kai ne kake ba kanka makin, babu wanda yake tantancewa. Wanda ya sa wa kansa C2 a Turanci sannan ya kasa amsa tambaya ta farko a ganawa ya yi wa kansa illar da ta fi ta rashin rubutawa.

Akwai kuma gurbin ƙwarewar mu'amala da sadarwa, kuma a nan ne iyakar shafin take fitowa. Fili ne kawai aka ba ka, babu mai gaya maka cewa abin da ka rubuta holoƙo ne. Kusan kowa cewa yake yi yana da kyakkyawar mu'amala, yana iya aiki da jama'a, yana jure matsi, kuma masu ɗaukar aiki sun gaji da ganin waɗannan kalmomi har ba sa tsayawa a kansu. Abin da yake da nauyi shi ne hujja: ka taɓa rubuta rahoton taro, ka taɓa gabatar da aikin bincikenka a gaban malamai, ka taɓa yi wa ma'aikatan rigakafi tafinta a tsakaninsu da mai unguwa. Europass ƙwarya ce, abin da ka zuba a ciki shi za a sha. Haka abin yake ga sashen wasiƙar neman aiki da ke cikinsa, wanda yake tsara maka adireshi da gaisuwa da sakin layi amma ba zai gaya maka dalilin da ya sa kake son wannan aikin a wannan wurin ba. Wanda yake da malami ko yaya ko wata 'yar'uwa da ta daɗe a aiki, ya kai musu su duba kafin ya tura, domin idon mutum yana kama abin da shafi ba ya kamawa.

Aibinsa na biyu shi ne tsawo. Tsarin yana cin fili, kuma wanda ya cike kowane gurbi don ya ga an tanada zai wayi gari da shafi huɗu, alhali sabon mai digiri shafi ɗaya ko biyu sun ishe shi. Dole mutum ya koyi cirewa. Gurbin da ake tambayar matakin shaidar karatu a ma'aunin Turai, inda digiri na farko yake mataki na 6, na biyu na 7, digirin digirgir na 8, an yi shi ne domin takardun Turai, don haka mai digirin Najeriya ya fi masa sauƙi ya rubuta sunan digirinsa da darajar da ya fita da ita. Hoto ma ba dole ba ne, kuma idan ba a nema ba gara a bar shi. Sannan aikin duka a intanet ake yin sa, kuma cike dogayen gurabe a ƙaramar waya yana gajiyarwa, saboda haka ya fi kyau a rubuta bayanan a wani wuri tukuna, a zo a kwafa.

Inda ba shi da na biyu shi ne neman gurbin ƙaro karatu a Turai. Hukumar DAAD ta Jamus tana neman CV a tsarin Europass a shirinta na tallafin karatu ga 'yan ƙasashe masu tasowa, kuma da yawa daga cikin shirye-shiryen digiri na biyu na Erasmus Mundus, waɗanda Tarayyar Turai take tallafawa, haka suke nema, don haka mai wannan niyya ba shi da zaɓi illa ya saba da shi tun da wuri. Ga mai neman aiki a banki ko kamfani a Legas ko Abuja ko Kano, shawarata ita ce ya yi amfani da shi wajen tattara bayanansa da tsara su, sannan ya kwashe su zuwa takarda mai sauƙi a Word, ya rage abin da bai shafi aikin da yake nema ba. Mai neman aikin gwamnati kuwa ya sani cewa jiha da ƙaramar hukuma suna nan da muhimmancinsu saboda tsarin raba daidai na tarayya, amma galibi a fom ɗin hukumar ake cike su tare da takardar shaidar asali, ba lallai sai sun mamaye saman CV ba. Idan an sauke takardar, a canza mata suna zuwa cikakken sunan mai ita kafin a haɗa ta da saƙon imel, a kuma rubuta sunan muƙamin da ake nema a kan saƙon, domin jami'in da ke karɓar ɗaruruwan takardu da sunan yake nemo ta idan lokacin kira ya yi.