Amilez na fankiriyas ko na fumfuna: amsa ga mai gwajin ganyen suga

Ƙanwata, kin tambaye ni wane amilez za ki saya, wato inzayim ɗin da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Tunda gwada ganyen da ake cewa yana rage suga za ki yi, ki ga ko yana danne wannan inzayim, ki sayi amilez na fankiriyas ɗin alade (gaɓar da ke zuba ruwan narkar da abinci a hanji), ki bar na fumfunar Aspergillus oryzae ko da an ba ki shi a rabin kuɗi.

Da na fankiriyas na yi aikin digirina na biyu a nan Sakkwato, kuma har gobe ina yabonsa. 'Yar kwalba ce da ba ta wuce babban yatsa ba, ta iso mini cikin kula an jibga mata ƙanƙara, amma ta kai ni ƙarshen aiki har na bar wa wata 'yar'uwa saura. Da sassafe, kafin rana ta buɗe, nake auna daidai wanda zan yi amfani da shi a ranar, in narkar da shi a bafar fosfet mai sanyi (ruwan da ke hana tsami canzawa), pH 6.9 a ma'aunin tsami, da ɗan gishiri. Kada ki raina gishirin nan, domin inzayim ɗin ba ya sakin jiki sai da kulorayid ɗin da ke cikin gishirin. Yana kuma riƙe da kalsiyam a jikinsa, saboda haka kada EDTA, sinadarin da ke kwashe kalsiyam, ta kusance shi. Ba na manta ranar da na fara tafasa kwalabena da DNS, sinadarin da ke canza launi in ya haɗu da sukarin da inzayim ya fitar. Wadda babu magani a ciki ta tashi daga rawaya ta koma ja kamar bakin mai cin goro, ta acarbose kuwa, maganin ciwon suga da ke danne amilez, da ƙyar ta motsa. Na karanta a na'urar auna launi, a nanomita 540, sau uku lambobin suna bin juna. Ranar na yi barci da daɗi.

Dalilin zaɓen shi ne kamanni: tsarin na alade kusan ɗaya ne da wanda ke narkar da sitacin tuwo a hanjin mutum. Ranar kare aiki za a tambaye ki wannan, ki riƙe amsar.

Na fumfuna kuwa, to, yana cin sitaci. Tun 1894 Takamine ɗan Japan ya yi masa rajistar mallaka a Amurka, kuma inzayim ɗin ya isa a nuna wa ɗalibai darasi da shi. Amma ya fi son ruwa mai ɗan tsami, wajen pH 5 zuwa 6, kuma abin da ya danne shi ba lallai ya danne na mutum ba.

Na san sunan alade na sa mutum ya ja baya. Ni da safar hannu na yi aikina, kuma sai da na tambayi malamina na addini kafin in fara. Ki yi haka ke ma. In zuciyarki ba ta kwanta ba, ana sayar da na yawun mutum, sai dai ya fi tsada sosai.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara da masu kawo kayan lab. An taɓa sayar mini da farin gari a kwalba marar lambar rukuni, wai amilez ne. Na zuba a ruwan sitaci, na jira, na ɗiga aidin: baƙi-shuɗi, alamar sitacin na nan, kamar ban sa komai ba. Yawun bakina da na gwada a gefe ya cinye sitacin cikin 'yan mintuna. Ko jabu ne, ko zafin Afrilu ne ya kashe shi a kan kanta, kuɗina dai sun tafi. Don haka ki ga hatimin kamfani bai tsage ba, ki ga yunit nawa ne a kowane miligiram, ki ga ranar lalacewa, ki kuma ce a nuna miki firij ɗin da ake ajiye shi. Ki yi gwajin aidin kafin ki cika kuɗi.

In ganyenki mai bauri ne irin bagaruwa, tanin ɗin da majema ke jeme fata da shi yana kama furotin iri-iri, har da amilez ɗin, sai ki zaci magani ne. Ki kuma ware kwalba mai ruwan ganyen kaɗai, ba inzayim, domin sukarin da ke cikin ganyen ma yana rina DNS.