Bulon siminti, jan bulo ko dutse: abin da ya kamata a auna kafin gina katanga da murhun tsakar gida a Sudan

Magidanta da dama daga cikin Hausawan Wad Madani da Khartum da garuruwan jihar Sinnar da suka koma gidajensu bayan yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilun 2023 sun tarar da katangar hoshi, wato tsakar gida, ta zube ko ta tsattsage, saboda haka aikin da ke gabansu na farko shi ne sake kewaye gida. Wasu kuma, tun da an riga an kira usta, wato magini, an sauke yashi, sukan so a haɗa da dakalin zama da wurin hura wuta a tsakar gida, inda za a gasa agashe, wato gasasshen nama irin tsire, ko a ɗora shayi da jabana, wato gahawa, a daren sanyi. Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki waɗannan ayyuka a matsayin sayayya ɗaya, a sauke bulon siminti mota guda a ce ya wadatar da komai, alhali kuwa katanga ƙasar da ke ƙarƙashinta ce ke yanke mata hukunci, murhu kuma zafin da ke cikinsa ne, kuma kayan da ya dace da ɗaya ba lallai ne ya dace da ɗayan ba.

Kafin a je muglak, wato shagon kayan gini, tambayar farashi, ya kamata mai gida ya san irin ƙasar filinsa. Mafi yawan Jazira da Gadarif da Sinnar, har zuwa Mai Wurno da Damazin, baƙar laka ce, wadda take kumbura idan ta sha ruwan damina, ta kuma tsuke ta dare idan rani ya yi, har mutum ya iya zura hannu a cikin tsagar. Wannan ƙasa da ta sa auduga da dawa suke albarka ita ce kuma take ɗaga katanga tana saukewa kowace shekara, kuma babu wani bulo, komai ƙarfinsa, da zai jure hakan idan an ɗora shi a kan harsashi marar zurfi. A Fot Sudan matsalar daban ce, domin gishirin ƙasa da laimar teku suna cin siminti suna sa rodi tsatsa, don haka a can ana bukatar siminti mai jure gishiri da kankare mai kauri a kan rodi. A Kasala kuwa, musamman unguwannin da ke kusa da kogin Gash, abin lura shi ne inda ruwa zai bi idan ya zo.

Bulon siminti mai rami shi ne ya fi saurin tashi. Wanda aka fi bugawa yana da tsawon santimita 40 da tsayin 20, kaurinsa kuma 20 ko 15 ko 10, kuma guda 12 da rabi ne suke rufe murabba'in mita ɗaya, wato katanga mai tsawon mita 10 da tsayin mita 2 za ta ci bulo 250, sai a ƙara kamar 12 ko 13 saboda waɗanda za su fashe wajen saukewa da yanka. Wannan lissafi ya fi farashi amfani, tun da farashi yana sauyawa daga mako zuwa mako, adadin bulo kuwa ba ya sauyawa. Mai kauri 10 na raba ɗaki ne, bai kamata a yi katangar waje da shi ba. Mai 15 yana isa idan akwai ginshiƙai, mai 20 kuma shi ne zaɓina ga duk katangar da take fuskantar titi ko take ɗauke da ƙofar ƙarfe.

Sai dai sunan bulon siminti bai tabbatar da cewa akwai isasshen siminti a cikinsa ba, kuma a nan ne mai saye ya fi cutuwa. Buhun siminti mai kilo 50, na Atbara ne ko na Rabak ko wanda aka shigo da shi daga Masar, idan an haɗa shi da yashi kashi ɗaya cikin takwas, abin da zai fitar na bulo mai kauri 20 bai wuce 30 ko kusa da haka ba. Mai bugawar da yake fitar da ninkin wannan daga buhu ɗaya yashi yake sayarwa, kuma araha ba ta ado. Gwajin ba shi da wuya: a murza gefen bulon da babban yatsa, idan yashi ya zubo to bai ƙoshi ba, a ɗaga guda ɗaya zuwa ƙugu a sake shi a kan ƙasa mai tauri, mai kyau zai iya ɓantarewa a kusurwa amma ba zai wargaje ba. Sannan a tambayi ranar da aka buga shi, domin siminti yana bukatar a riƙa shayar da shi ruwa aƙalla kwana 7, kuma ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai bayan kwana 28. Bulon da aka buga shekaranjiya aka shanya a ranar watan Mayu, ba tare da ruwa ba, ya bushe ne kawai, bai yi ƙarfi ba.

A baƙar laka, kuɗin da ya fi muhimmanci shi ne wanda ido ba zai gani ba. Ana haƙa ramin harsashi a kwashe lakar, a zuba yashi da tsakuwa a daddaɓe, a zuba kankare mai rodi a tsawon katangar gaba ɗaya domin ta zauna a kan abu guda, sannan a tsayar da ginshiƙi duk bayan mita 3 a ɗaure saman da wani kankaren. Idan katangar doguwa ce, a bar tsaga ta ganganci daga sama har ƙasa duk bayan mita 6 zuwa 9, domin ginin ya sami wurin motsawa ba tare da ya dare inda ya ga dama ba. Kada kuma a manta da wuriya a ƙasan katanga, ta gefen da tsakar gida ta gangara, saboda ruwan da ya kwanta a gindin gini shi ne yake kumbura lakar. Mai gidan da kuɗinsa bai kai ba, gara ya rage tsayin katanga ko ya jinkirta filasta zuwa baɗi da ya rage zurfin harsashi.

Jan bulo na kamina (tandar ƙona bulo), wanda ake yi da lakar bakin Nilu haɗe da kashin dabbobi a ƙona da itace, shi ne abin da aka gina yawancin tsofaffin gidajen Madani da Omdurman da shi, kuma har yanzu yana da abin da ya fi bulon siminti da shi. Ba ya ɗaukar zafin rana ya mayar da shi tsakar gida da dare kamar siminti, ana iya gina shi da laka maimakon siminti, kuma idan wani sashe ya zube ana tsince shi a sake ginawa. Nakasarsa ita ce ƙanana ne, girmansu ba ɗaya ba, suna cin lokacin magini da kwaɓi mai yawa, kuma daga kamina ɗaya ake samun iri uku: na tsakiya da wuta ta yi wa yawa ya yi baƙi ya karkace, na gefe da bai ƙonu ba wanda yake narkewa a ruwa, da na tsakaninsu wanda shi ake nema. Ana gane shi ta hanyar gwara biyu, mai kyau yana ƙara kamar ƙarfe, marar kyau kuma sautinsa a dushe yake. Wanda zai sayi dubbai, ya je bakin kaminar da kansa ya tsaya a loda a gabansa.

Ginin jalus shi ne mafi sauƙin kuɗi, ya kuma fi kowanne sanyi, amma yana neman yaɓe kafin kowace damina, kuma ambaliyar 2020 ta nuna yadda yake zubewa idan ruwa ya kwana a gindinsa. Dutse kuwa ya dace da wanda yake kusa da shi, kamar mazauna Kasala da wasu sassan Gadarif, musamman a harsashi. Ga na nesa, kuɗin mota ya cinye amfaninsa.

Akwai kuma bulon ado marar rami, wanda masu buga intalok suke yi, ana jera shi ba tare da kwaɓi ba, nauyinsa da ɗan leɓen da ke bayansa ne suke riƙe shi, kowane layi yana ɗan komawa baya a kan na ƙasansa. Mutane sukan raina shi saboda ba a ga siminti tsakaninsa ba, amma a baƙar laka wannan ne ƙarfinsa, domin idan ƙasa ta motsa yana motsawa tare da ita, idan wani layi ya karkace kuma sai a ɗauke a daidaita a mayar. Ana shimfiɗa masa tsakuwa mai kaurin santimita 15 a daddaɓe, a binne layin farko, a zuba tsakuwa a bayansa domin ruwa ya wuce. Iyakarsa ita ce tsayi: ya dace da dakali, da kewayen bishiyar lemo ko darbejiya, da tare ƙasa a fili mai gangara, matuƙar bai wuce mita ɗaya ba. Ba a yin katangar sutura mai mita 2 da shi, kuma duk mai sayarwar da ya ce za a iya, cinikinsa yake dubawa. Launin da ake zuba masa yana kwashewa a ranar Sudan idan a fuska kawai aka shafa, don haka a fasa guda ɗaya a ga ko launin ya ratsa ciki.

Batun wuta shi ne inda bulon siminti, mai rami ko na ado, yake gazawa. Kankare yana fara rasa ƙarfi tun daga zafin digiri 300, a wajen digiri 500 sinadarin da ke ɗaure shi yana warwarewa, kuma a digiri 573 ƙwayoyin yashin da ke cikinsa suna kumbura farat ɗaya. Wutar itacen bagaruwa ko gawayin talha tana wuce wannan cikin sauƙi, balle idan ana fifita ta. Abin da ya fi haɗari shi ne bulon da ya sha ruwa, domin ruwan da ke cikinsa yana zama tururi ya rasa hanyar fita, sai ya fasa fuskar bulon ya watso ɓarɓashi mai zafi a kan waɗanda suke zaune kewaye. Haka nan duwatsun kogi masu santsi suke yi, shi ya sa masu gasa salat a gabashin ƙasar ba kowane dutse suke ɗorawa a wuta ba. Saboda haka bulon siminti riga ce ta waje kawai, cikin murhu kuma dole a shimfiɗa wani abu dabam.

Zaɓi uku ne a nan. Bulon wuta, irin wanda masu gidan burodi suke sa wa tanda, yana jure zafin da ya haura digiri 1,000 nesa ba kusa ba, girmansa kimanin santimita 23 da 11.4 da 6.5 ne, kuma murhu mai zagaye da faɗin cikinsa ya kai santimita 90 zai ci kamar guda 25 idan an tsayar da su a tsaye, ban da na daɓen ƙasa. Yana da tsada, ba a samunsa a kowane muglak, kuma ana gina shi da kwaɓinsa na musamman, ba da siminti na gama-gari ba. Na biyu shi ne jan bulo da ya ƙonu sosai, a gina shi da laka. Tun da a wuta aka haife shi, yana jure wutar gida shekaru, idan ɗaya ya fashe kuma sauya shi aikin minti kaɗan ne. Ga magidancin da zai hura wuta a watannin sanyi da ranakun sallar layya da suna, wannan nake ganin ya fi dacewa, bulon wuta kuwa na mai sana'ar agashe ne da tukubarsa ba ta mutuwa kullum. Na uku shi ne zoben ƙarfe, ko dai maƙeri ya lanƙwasa faranti mai kauri, ko a yi amfani da tsohon ƙarfen tayar babbar mota. Rabin ganga ma yana yi, amma ƙarfensa siriri ne, yana ruɓewa da wuri, kuma dole a ƙone fentinsa da ragowar mai sarai kafin nama ya kusance shi. Ƙarfe mai rufin tutiya, irin na kwanon rufi, a guje shi gaba ɗaya, saboda hayaƙinsa yana cutar da ƙirji.

Ko wanne aka zaɓa, a bar tazarar santimita 3 zuwa 5 tsakaninsa da bulon simintin waje a cika da yashi busasshe ko toka, a bar ƙofofin iska biyu ko uku a layin ƙasa, a kuma zuba tsakuwa a ƙarƙashin daɓen domin ruwan sama ya tsiyaye. Murhun zama kewaye tsayin santimita 30 zuwa 40 ya ishe shi, idan ya wuce haka zafin sama yake tafiya ƙafafu suna jin sanyi. Na gashi a tsaye kuwa ya kai ƙugu, wato santimita 80 zuwa 90, kuma ya fi kyau ya zama mai kusurwa huɗu domin wayar gashi ta zauna daidai. Uwargida ce ta san inda take shanya tufafi da inda yara suke wasa da inda hayaƙi yake shiga ɗaki, don haka a ji ta bakinta kafin a ja layi a ƙasa.

Wurin da za a ajiye shi ya nisanci rumfar zana da rassan bishiya da tukunyar gas da aƙalla mita 3, kuma kada a jingina shi da katangar da aka gama kashe wa kuɗi, domin zafi zai fasa filastarta. A lokacin sanyi iska daga arewa take kaɗawa, da damina kuma daga kudu, saboda haka murhun da za a fi amfani da shi daga Disamba zuwa Fabrairu ya kasance a kudancin ɗakuna da wurin zama, hayaƙi ya bi bayan gida. A tanadi murfin ƙarfe saboda habub da ruwan sama. Idan gini ya ƙare, a bar shi ya bushe mako huɗu in da siminti a jikinsa, sannan a fara da 'yar ƙaramar wuta ta ƙirare na kwana biyu ko uku, ana ƙarawa a hankali, kafin a zuba masa gawayi buhu-buhu.