Iskar Landan ma ba kyauta ake shaƙar ta ba

Yaya Garba, ina yi maka fatan alheri, kai da iyali. Ka ce in duba maka tsohuwar mota mai shan dizal tunda an ce sun yi arha a Landan. Sun yi arha kam, sai dai sitiyarinsu a dama yake, ba za su yi maka amfani a Kano ba. Amma bari ka ji abin da ya karya farashinsu.

Akwai wani tsari na rage hayaƙin motoci da ake kira ULEZ. Magajin gari Sadiq Khan ne ya fara shi a tsakiyar birni a watan Afrilun 2019, aka faɗaɗa shi a 2021, sannan a watan Agustan 2023 ya game dukkan unguwannin Landan. Duk motar da hayaƙinta bai cika ƙa'ida ba, mai ita zai biya fam 12.50 a duk ranar da ya hau titi da ita. Mai fetur galibi sai wadda aka ƙera bayan 2005 take tsira, mai dizal kuwa sai ta wajen 2015 zuwa yanzu. Ba ɗan sanda, ba shinge, ba wanda za ka ce wa "Oga a taimaka". Kyamara ce take ɗaukar lambar mota. In ba ka biya ba, takardar tarar fam 180 za ta same ka har gida, a rage maka rabi in ka biya cikin mako biyu. Ban da wannan, duk motar da ta wuce shekara uku sai an kai ta gwaji kowace shekara, har da sa na'ura a bakin salansa a auna abin da take fitarwa.

Kada ka ɗauka kowa ya yi na'am. Mai kuɗi ya sauya mota ya huta, talaka mai aikin famfo ko fenti da tsohuwar motar kayan aikinsa shi ya ji a jikinsa. An ba masu ƙananan motoci har fam 2,000 su miƙa tsofaffin motocinsu a markaɗe, wasu ma aka tura Yukiren, amma fam 2,000 ba ta sayen ta kirki. Haushi ya sa wasu suka riƙa bi da dare suna yanke wayoyin kyamarorin.

Ni dai ina bayan tsarin, don mutanen nan sun ɗanɗana kuɗarsu kafin su kai nan. A Disambar 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe birnin kwana biyar, dubban mutane suka mutu, shi ya haifi dokar tsabtace iska ta 1956. Kwanan baya ma, a 2020, mai binciken musabbabin mutuwa ya tabbatar da cewa gurɓatacciyar iska na cikin abin da ya kashe wata yarinya 'yar shekara 9 mai ciwon asma, wadda gidansu ke kusa da babban titi a unguwar Lewisham ta Landan.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, ba su hana ka abu sai sun tanadar maka madadinsa. Kuɗin bas a 2025 fam 1.75 ne, kuma in ka sauya wata cikin awa ɗaya ba za a sake cire maka ko sisi ba. Da yawansu yanzu masu lantarki ne, sai ta zo daf da kai ba ka ji ƙararta ba. Ka tuna da aka hana acaɓa a Kano a 2013, Adaidaita Sahu ce ta cika gari, hayaƙin ya ƙara taya ɗaya kawai. Wuta kuwa ba ta ɗaukewa, don haka ba mai janareto a ƙofar shago, girki da gas ne ko lantarki. Sai dai takardar kuɗin wutar in ta zo lokacin sanyi, sai ka yi salati.

Shara kuma aikin ƙaramar hukuma ne, daga harajin gida da muke biya duk wata. A layinmu kwandon robobi da takardu daban, na sauran abinci daban, mota tana zuwa a ranar da aka tsayar. Duk da haka akwai masu jibge tsohuwar katifa a lungu, yanyawa kuma tana farke leda da dare ta watsa komai.

Inda ba su gyara ba shi ne jirgin ƙarƙashin ƙasa. A layuka masu zurfi ƙurar ƙarfe daga birki da dogo ta cika ramin, in ka fito ka fyace hanci baƙi za ka gani a hankici. Nan kam har yanzu shara suke ta yi da dare bayan an tsayar da jirage.

A gaida Hajiya da kyau, a ce ina neman addu'a.