Tayar ranfilat ta kawo ni gida, amma duk da haka na cire ta

Duk wanda ya sayi babbar motar Jamus ta 'yan shekarun nan, ya ɗaga shimfiɗar but yana neman safaya, ya san abin da zai tarar. Sau da yawa babu taya, babu jak, babu ko sifanar kwance wili. Tawa haka ta iso daga Kwatano, ƙafa huɗu duk ranfilat, wato tayar da ake iya ci gaba da tafiya da ita ko iska ta fita, inci 19, na baya sun fi na gaba faɗi. Dillali ya ce wai irin wannan taya ba ta san faci ba. Maganar dillali ce, na bar ta a nan. Ni dai tun makon farko na tsane su. A nan Sakkwato, daga Gawon Nama zuwa Arkilla, duk tsagar da ke jikin kwalta sai ta iso mini har ƙugu. Maiɗakina ta ce da za ta rufe ido, sai ta rantse a amalanke aka ɗora ta.

Amma akwai ranar da na janye duk zagin da na yi musu, kuma saboda ita nake wannan rubutu.

Ɗaurin aure muka je Talata Mafara cikin watan Afrilu, ni da yayana da yaransa biyu. Gaishe-gaishe da cin abinci suka ja mu, ba mu taso ba sai da la'asar ta yi sakaliya. Mun wuce Tureta kenan, rana ta yi ja, sai na ji ƙwas a ƙafar baya ta dama. Ƙararrawa ta buga, alamar taya ta fito rawaya a dashbod. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne motar ba ta fizge ba, sitiyari yana hannuna lafiya lau, sai ɗan nauyi da nake ji daga baya. Wanda taya ta taɓa sace masa yana cikin gudu ya san ba haka ake yi ba.

Yaya ya ce, "Samu wuri ka tsaya mu duba."

Na ce, "Yaya, a nan?"

Bai ƙara magana ba, ya ciro carbi. Duk mai bin hanyar Gusau ya san ba wurin da mutum zai durƙusa yana kwance taya da magariba ba ne, balle da yara a baya, balle da irin wannan mota. Ko da ma mun tsaya, me za mu ɗaura? Ƙa'idar da masu yin ranfilat suka gindaya ita ce, in iska ta fita, kana iya tafiya har kusan kilomita 80, kada gudunka ya wuce 80 a awa. Gefen tayar ne aka yi da roba mai kauri sosai, shi ke ɗaukar nauyin motar idan babu iska. Na lissafa abin da ya rage mana zuwa gida bai kai haka ba, na sauke gudu zuwa 70, na riƙe. Motocin haya suna ta wuce mu da hon, wani direba har da leƙowa ya ga wane ne wannan da babbar mota yake rarrafe. Abin da ke raina shi ne zafi. Taya marar iska lanƙwashewa take yi tana miƙewa a kowane juyi, tana tara zafi, ga kwaltar Afrilu da ta wuni tana shan rana sama da digiri 40, ga mutum huɗu a ciki. Kowane rami sai na kauce masa kamar raina ne a ciki. Yaran da suka cika mu da surutu tun daga Mafara suka yi tsit.

Sai a Dange na tsaya, kusa da masu shayi, inda akwai haske da jama'a. Wallahi in ba ka sani ba, ba za ka ce tayar ba ta da iska ba, ɗan zama kawai ta yi. Na kai hannu na janye don zafi. Wani guntun ƙarfe ne mai kaurin yatsa ya nutse a tsakiyarta. Muka yi sallah, muka bar ta ta ɗan huce, muka bi ta Shuni da Kwannawa, muka shiga gari bayan isha'i. A daren nan da wani ya tambaye ni, cewa zan yi ya sayar da gona ya sayi ranfilat.

Washegari labari ya canza. Na kai ta wurin mai facin da na saba da shi, mutumin kirki, ya sa ƙarafansa ya danna, ya hau ya taka, ya kira yaronsa suka haɗu, tayar ko gezau. Ya share gumi ya ce, "Alhaji, wagga ba taya ba ta, ƙarhe na." Kafin in ce ya bari, ya riga ya karce mini bakin rim, ya kuma karya ɗan na'urar da ke jikin bawul, wadda ke gaya wa mota yawan iskar taya. Wannan na'urar ba ado ba ce, don ranfilat ba ta nuna ta sace, in ba ita ba sai ka yi ta zabga gudu ba ka sani ba. Da muka samu masu injin cire taya suka buɗe, cikin duk garin baƙar roba ne, gefen ya yi tamoji. Tafiyar da ta cece mu ita ta cinye ta. Yawancin kamfanonin ma cewa suke kada a yi wa irin wannan faci in an riga an yi tafiya da ita babu iska.

Daga nan aka shiga nema. Na zaga masu taya a garin nan, girman babu, in an samu girman kuma ba ranfilat ba ce. Wani har ya rantse mini tasa ita ce, na duba gefenta ban ga komai ba. Rubutu ake yi a jiki: Bridgestone na sa RFT, Michelin ZP, Continental SSR, Goodyear ROF. Wani mai shago a Kano ya sako mini ɗaya a mota, da ta iso na duba lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara, sai ga shi ta fi shekara shida da bugawa. An dai goge ta da mai tana ƙyalli. Mayar da ita da karɓo kuɗina wani yaƙi ne daban da ba na son tunawa. A ƙarshe daga Abuja aka samo, kuɗin guda ɗaya ya kusa sayo biyu na gama-gari, motar kuma tana ajiye a gida duk tsawon wannan lokaci ina aron ta ƙanena. Kilomita 80 ɗin nan an auna ta ne don ƙasar da in ka kai ƙarshenta za ka tarar da shago da irin tayarka a kan kanta. Mu nan gida kawai take kai ka, sai ka zauna jira.

Da damina ta shigo, na faɗa wani rami da ruwa ya rufe a Mabera, ba ma da gudu ba. Ta gaba ta yi ƙulu a gefe, rim ya lotsa. A nan haƙurina ya ƙare. Na cire su duka huɗu, don bakanikena ya ce kada in gauraya iri biyu, na ɗaura na gama-gari masu kyau.

Sai a lokacin na san motar da na saya. Ƙarar nan ta gudu ta ragu, gargada ta zama ba komai ba, maiɗakina ta daina ƙorafi. Ƙusa ta shiga sau ɗaya, mai faci ya gama kafin in shanye ruwan leda. Sai dai dole na sayi siririyar safaya da jak da sifana da ɗan famfo mai aiki da batirin mota, kuma tunda ba a yi mata gurbi ba, tana kwance a but ta cinye kusan rabinsa. Buhun shinkafa ɗaya da akwati, shi ke nan an cika. Ita ma siririyar ba a wuce 80 da ita. Kuma duk daɗin nan, in tafiyar Gusau ko Illela ta kama, yanzu da hantsi nake juyowa, ko an ce in tsaya a ci abinci ba na tsayawa.

Biyu daga cikin ranfilat ɗin da na cire, masu sauran lafiya, wani bawan Allah daga Birnin Kebbi ya zo har gida ya kwashe. Tasa motar ta yi wata a ajiye yana nema. Ko ciniki bai yi ba.