Amoxicillin mai narkewa a ruwa, ga yadda muka ƙare da ita

Ni dai da can 'yar sirop ce, yaro na fara tari sai in ɗauko ragowar kwalbar antibayotik a firji in ɗura masa cokali biyu, ya ɗan warware in mayar in ajiye. Ashe ƙwayoyin cutar nake horarwa ban sani ba.

Wannan karon autana ya fara numfashi sama-sama ga zazzaɓi, likita ta ɗaga rigarsa ta ƙirga numfashin, 46 a minti ɗaya, ta ce ɗan shekara 1 zuwa 5 in ya kai 40 to ana zargin nimoniya. Ta rubuta amoxicillin amma ba sirop ba, ƙwaya ce ta 250mg da ake jefawa a ɗan ruwa mai tsafta ta narke nan take, safe da yamma har kwana 5, adadin kuma da nauyinsa ta lissafa.

Gaskiya ƙwayar ta burge ni. Ba ruwanka da firji, ba wai ka cika ruwa ya wuce layi maganin ya tsinke ba, kuma abin da ya fi min shine ƙwayoyin a ƙirge suke, ranar ƙarshe ba ragowar da za ta ja hankalina wata rana. Sirop kuwa in an haɗa shi sati biyu ne iyakarsa, ni kuma har wata guda nake ajiyewa, Allah dai ya yafe.

Na ce likita ta ƙara min azithromycin, wani antibayotik, tunda ana cewa ya fi ƙarfi, ta ƙi fir. Wai Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta sa shi a rukunin da ake taka-tsantsan da su don kar cuta ta saba da shi, kuma pneumococcus, ƙwayar cutar da ta fi kawo nimoniyar yara a cikin bakteriya, in ta fara taurin kai cikakken awo na amoxicillin ne ke kama ta, rabi-rabi ne ke ƙara mata ƙarfi. Mura kuwa yawanci bairos ce, antibayotik ba ya ko taɓa ta.

Inda na rage mata maki: garin na kwanciya a gindin kofi sai ka ƙara ruwa ka juya ka sake ba shi, ga ɗan gudawa da ya yi kwana biyu. A kwana na uku ya tashi yana ɓarna kamar ba shi ba, na so in tsaya, na daure muka cika biyar. Tauraro 4 cikin 5.