Yaro ya dage sai ya diro daga jirgi da laima: ina za a kai shi, daga shekara nawa?

Tun hutun da ya wuce babban ɗana bai bar ni na sarara ba, kullum na dawo daga shago a Agege sai ya miƙo min waya, Baba kalli wannan, mutane ne ke faɗowa daga jirgi da laima goye a baya suna ta ihun murna. Shekararsa 16. Da farko a'a kawai na ce, amma da na ga abin ya shiga ransa har yana tara ɗan kuɗin da kawunnansa ke ba shi, sai na ce bari in zauna in auna shi yadda nake auna kaya kafin in zuba kuɗi, tunda na san ba gidana kaɗai ake wannan rigimar ba.

Abin da na fara ganewa shi ne ba abu ɗaya ake sayarwa ba, kala uku ne. Akwai tandam, wato a ɗaure yaro a ƙirjin ƙwararren malami su fito tare daga wajen ƙafa 10,000 zuwa 14,000, su yi ƙasa da minti ɗaya suna gangarowa da gudun kusan kilomita 200 a awa, malamin ya buɗe laima, sai a yi kamar minti biyar ana lilo kafin a taɓa ƙasa. Yaro ba ya koyon komai sosai a nan, fasinja ne. Akwai kuma kwas na gaske da suke ce wa AFF, shi yaro ne ke goye da laimarsa, malamai biyu na riƙe da shi a tsallen farko farko amma shi zai ja igiya shi zai sauke kansa. Na uku ɗakin iska ne, babu jirgi babu laima, manyan fanka ne ke hura iska daga ƙasa ta ɗaga mutum a cikin gilashi.

To maganar shekaru, nan ne mutane ke asarar kuɗin tikiti. Amurka da kowa ke fara tunani ita ce ta fi tsauri, ƙungiyar masu diro da laima ta can, USPA, ta sa 18 a wuraren da ke ƙarƙashinta, kuma sa hannunka na uba ba ya canza komai. Dalilin shi ne a jihohi da yawa kotu ba ta yarda uba ya yafe haƙƙin ɗansa na kai ƙara in wani abu ya faru, ga masu ƙera kayan tandam su ma sun gindaya sharaɗin shekaru, shi ya sa ko kuka yaron zai yi a gaban kantarsu ba za su ɗauke shi ba. Ingila kuwa tasu ƙungiyar, British Skydiving, ta yarda daga 16, da sharaɗin uwa ko uba ko mai riƙon yaro a hukumance ya cike fom ya sa hannu. Faransa 15 ne tare da izinin iyaye da takardar likita. Jamus ana fara koyo tun 14, lasisi kuma sai 16.

Ni dai wallahi ban ga hikimar bin ƙasar da ta fi rage shekaru ba. Yaro ɗan 14 da har yanzu sai an tuna masa ya kashe gas, shi za a ce in laima ta nannaɗe a sama ya tsinke ta ya buɗe ta biyu cikin 'yan daƙiƙu? Eh akwai wata 'yar na'ura a jakar da ke buɗe laimar ajiya da kanta in mutum ya kai wani tsayi yana gudu bai buɗe ba, kuma ya kamata ka tambaya ko kayansu na da ita, amma ba ta sauke maka yaro lafiya a fili, wannan hankalinsa ne zai yi. Kai ka san ɗanka fiye da fom.

Sai batun sa hannu, wanda mu Hausawan Legas ya fi shafa. Mun saba a tura yaro da kawu ko baffa mai zuwa sarin kaya, a ce ai ubansa ne. A can kawu ba uba ba ne sai da takardar riƙo. Kuma fasfo suke dubawa, don haka kar wani ya ba ka shawarar a je a yi rantsuwar shekaru a ƙara masa biyu, in aka samu matsala inshora za ta zame ta bar ka. Ita kanta inshorar tafiya da ake haɗawa da takardun biza yawanci ba ta ɗaukar irin wannan wasan, sai ka nemi wadda ta ambace shi ƙarara. Fom ɗin kuma ka karanta shi da kanka ko ka sa wanda ka yarda da shi ya fassara maka, a ciki za ka ga an rubuta cewa ana iya jin rauni ana iya mutuwa, ranar da na karanta wannan layin sai da na ajiye wayar na yi shiru. Kar ka sa hannu mahaifiyarsa ba ta sani ba.

In mace ce, ka tambaya tun kafin biyan kuɗi ko suna da malama mace, domin a tandam jiki da jiki ake ɗaure mutum, sannan ka tambayi yadda za a yi da hijabi don iskar ba ta wasa ba ce. Akwai iyakar nauyi ma, a Dubai har tsayi da nauyi suke haɗawa su lissafa. Ingila kuma hadari da iska na sa a ɗage tsalle, to ka ji ko suna maido kuɗi ko sai dai su canza maka rana, wanda bizarsa da hutunsa ƙididdigaggu ne canjin rana bai amfane shi da komai ba.

Ɗakin iska shi ne ya kwanta min. Wuraren iFLY, wani kamfanin ɗakunan iska, na karɓar yara tun daga shekara 3 da sa hannun iyaye, akwai a Dubai, akwai kuma CLYMB a tsibirin Yas na Abu Dhabi da aka buɗe a 2019. Kana tsaye bayan gilashi kana kallon ɗanka, malami na gefensa, kuma yadda ake baje jiki a iska da yake koya a ciki shi ne dai za a nema a wajensa in ya shiga AFF. Ba ya ba da wannan faɗuwar gaban ta bakin ƙofar jirgi, yaron ma ya faɗa min haka, kuma wanda kafaɗarsa ta taɓa gocewa ba a so ya shiga.

Mun zauna da shi da mamansa bayan isha'i, na ce in Allah ya hore tafiya zan kai shi ɗakin iska da kaina, tandam kuma sai ya gama WAEC mu sake zama. Kwas ɗin AFF na ce ya bari sai ya cika 18 ya sa hannu da kansa. Ya ɗan ɓata rai, can kuma ya ce to Baba kuɗin da na tara fa, na ce ya ci gaba da tarawa, da su za a biya mai ɗaukar bidiyo.